Layu Goma Sha Huɗu na Ticha

Ko komai zai fita daga kaina, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da aka zaunar da ni a zauren Liman a matsayin masani ba, aka miƙo mini wani sihiri aka ce in karanta wa jama'a, alhali ni na rubuta shi da hannuna.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke hanyar Dinawa, gidanmu kuma yana cikin garin Wurno. Abin da na karanta a kwaleji daban ne, amma ranar da na kai takardar kama aiki hedimasta ya dube ni sama da ƙasa, ya ga tabarau a fuskata da biro biyu a aljihu, ya ce na yi kama da malamin Turanci. Shi ke nan magana ta ƙare. Tun daga ranar sunana ya ɓace, kowa Ticha yake ce mini. Ni ke karanta wa unguwa takardar asibiti, ni ke cika fom, ni ake kawo wa waya idan saƙo ya shigo da Turanci. Ba zan ɓoye muku ba, girman yana yi mini daɗi. Har tafiyata sai da ta canza.

Ana nan sai aka tura mu bita a Rabah. Matar da ke koyar da mu ta zo da hotunan kayan gida, tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ta nuna ya faɗi sunan abin da Turanci. Da ta zo kaina sai ta ɗaga hoton ludayi. Jama'a, na san Turancin gwamnati, na san na dimokuraɗiyya, na san na ɗumamar yanayi, amma ludayin da nake shan fura da shi kullum ban san sunansa ba. Na gyara tabarau, na yi gyaran murya, na ce hoton bai fito sosai ba. Baiwar Allah ta yi murmushi ta wuce na gaba. (Na gaban ma bai sani ba, wannan kaɗai ya ɗan sanyaya mini zuciya.)

A wurin bitar ne wani malami ɗan Goronyo ya sa ni a wani guruf na waya, inda mutane daga ƙasashe barkatai suke koyon Turanci tare da wani harshe wai shi Esperanto. Harshe ne da wani mutum ya zauna a Turai tun da daɗewa ya ƙirƙira da kansa, don duniya ta sami abin magana guda. Ba shi da ƙasa, ba shi da sarki, kuma a iya sanina duk faɗin Wurno babu wanda zan gaisa da shi a cikinsa. Amma 'yan guruf sun ce yana da sauƙi, kuma yana buɗe wa mutum kai ya kama Turanci da wuri. Ni kuwa a lokacin ko harshen kwaɗi aka ce zai taimake ni, zan koya.

Dokarsu ɗaya ce: kada ka zauna kana haddar jerin kalmomi. Ka rubuta sunan abu ka manna a jikinsa, duk sa'ad da ka taɓa shi ka faɗa. Suna ta turo hotunan firij da madubi da kofin shayi, kowanne da 'yar takarda a manne. Ni ba ni da firij, amma ina da awaki da rijiya da rumbu.

Takarda ta farko a turken awaki na manna ta. Kafin in juya akuyar ta cinye sunanta cikin harshe biyu. Ta biyu a bakin rijiya, guga ɗaya aka ja ta jiƙe. Sai kuma wata matsala da ta fi waɗannan: takarda a buɗe kowa zai iya karantawa. Idan wani mai ɗan boko ya shigo ya ga an rubuta sunan igiya a jikin igiya, ai ya gane cewa Ticha guda bai san Turancin igiya ba.

Nan ne basirata ta motsa, Allah Ya yafe mini. Na yanka 'yan takardu, na rubuta Turanci a sama, Esperanto a ƙasa. Na ninke kowacce ta zama 'yar murabba'i, na naɗe da leda saboda ruwa, na ɗauko baƙin zaren kitson matata Sa'a na ɗaure tamau, na bar 'yar igiyar ratayewa. Tsarina shi ne in ga ƙullin in faɗi kalmar da ka, sai na manta ne kawai zan kwance. Na rataya su inda ido ba zai yi saurin kaiwa ba: ƙarƙashin rumbu, bayan ƙyaure, gindin turke, jikin igiyar rijiya, har da injin ban ruwa a fadama. Guda goma sha huɗu. Na tsaya na kalli aikina ina jin cewa da 'yan guruf sun gani da sun naɗa ni shugaba.

Sa'a ce ta fara gani. Ta ɗaga wanda ke bayan ƙyaure ta juya shi, ta dube ni.

“Malam, wanga abu mi ya yi kama da shi?”

Na ce ya yi kama da ilimi.

“To ni dai laya nig gani,” in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Na yi dariya na ce mata ba su san dabarun koyon harshe ba.

Gaskiya kuma dabarar ta yi aiki. Cikin sati uku na riƙe kalmomin nan daram. In ja ruwa in ce rope, in ce ŝnuro. In shiga fadama in dubi albasa in ce onion, in ce cepo (tsefo ake furtawa, ku riƙe wannan, za mu dawo kanta). Ina tafe ina motsa baki, mutane suna zaton tasbihi nake yi, ni kuma ban gyara musu ba.

Yanzu sai in gabatar muku da Baba Arzika. Aminin mahaifina ne tun suna yara. Asalinsa masunci ne a gulbin Rima, daga baya ya haɗa da noman rani. Gonarsa da tamu kan iyaka ɗaya suke, injin ban ruwa ɗaya suka haɗu suka saya, yau a ba tamu ruwa gobe a ba tasa. Fiye da shekara talatin kwano ɗaya suke ci a ƙofar gidanmu bayan magariba. Shi kaɗai ne baƙon namiji da ke shiga har cikin gidanmu ba tare da an yi masa iso ba. Ina ƙarami, a kafaɗarsa na fara ganin gulbi.

A shekarar nan albasarmu ta kamu da cuta. Ganye ya fara fari-fari, ya kanannaɗe, ya bushe daga sama. Ta Baba Arzika kuwa, da ke nan kusa, kore shar. Baba, wato mahaifina, ya shiga damuwa, don albasar nan ita ce abincin gidanmu na shekara. Wata safiya ya sunkuya zai tayar da inji, sai hannunsa ya taɓa wani ƙulli a ƙarƙashin tanki.

Kafin azahar an birkice gidanmu. An ciro na rumbu, an ciro na turke, an ciro na rijiya. Na dawo daga makaranta na tarar da ilimina gaba ɗaya a cikin tsohuwar ƙwarya a tsakar gida, an rufe da faifai, mahaifiyata tana ta salati. Baba ya matso kusa da ƙwaryar. Ya ɗauki ɗaya da tsinke ya kai kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon ɗaurin.

“Wanga ɗaurin ƙugiya na,” ya ce a hankali. “Zagaye bakwai, a komo ta ƙasa. Duk unguwag ga mutum guda na san shi ka ɗaure abu haka.”

Bai faɗi suna ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar sun isa: Baba, ni ne na ɗaura. Amma maƙwabta sun riga sun cika tsakar gidan, har da wata da nake karanta wa takardar asibiti duk wata. Na hango kaina ina bayani a gabansu cewa malamin Turancin garinsu yana koyon sunan akuya. Sai na ce a raina bari mutane su watse tukuna. Da suka watse na ce bari Baba ya huce. Da gari ya waye na ce ai maganar za ta mutu da kanta.

Ba ta mutu ba. Da magariba Baba Arzika ya zo da kwanonsa kamar kullum, Baba ya tashi ya shige gida ya bar shi a kan tabarma. Ina leƙe ta zaure na ga tsohon ya zauna shi kaɗai, ya buɗe kwanon ya rufe, ya ɗauki takalmansa. Washegari Baba ya ɗauke inji ya kawo gida. Kwana huɗu gonar Baba Arzika ba ta sha ruwa ba, a tsakiyar rani. A masallaci kuma wanda ya saba tsayawa kusa da shi ya fara canza sahu.

Sa'a ba za ta iya tunkarar surukinta da magana irin wannan ba, don haka ni ta tasa a gaba. Ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina.

“Malam, zarena na. Ni na san wa yaɗ ɗauka. Tsohon ga mi ya yi maka?”

Na ce ina neman lokacin da ya dace.

“Lokaci na nan tahe,” ta ce. “Allah dai Shi sa albasatai ta jira shi.”

Ranar ban iya cin abincin ba, amma ban kuma je na faɗa ba. Wannan ita ce gaskiyar, ba zan yi mata kwalliya ba.

A rana ta biyar Liman ya ce a haɗu a zaurensa bayan la'asar. Dattawan unguwa sun zauna, Baba a gefe guda, Baba Arzika a ɗaya gefen, ƙwarya a tsakiya. Ni na rakuɓe can kusa da ƙofa, wurin takalma. Liman ya yi bisimilla, ya sa reza ya yanke zaren farko, ya warware leda, ya buɗe takarda. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

“Wanga ba Larabci ba na, ba ajami ba na. Boko na. Ina Ticha?”

Aka buɗa mini hanya. Har wani ya gyara mini buzu.

Na karɓi takardar. Rubutuna ne, da irin lanƙwasar da nake yi wa harafin farko don burgewa. Na ce, “An rubuta rope.”

“Mi ke nan?”

“Igiya.”

“Ina anka ciro shi?”

Aka ce a jikin igiyar rijiya. Zaure ya ɗauki salati. Aka buɗe na biyu, na ce akuya, aka ce a turke aka same shi. Na uku, ƙofa, a bayan ƙyaure. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce wannan bokan ya san aikinsa, kowane abu sai ya kira shi da sunansa kafin ya kama shi. Sai Liman ya sa yatsa a layi na biyu, inda na rubuta ŝnuro, da 'yar alamar nan mai kama da malfa a kan harafin farko.

“To wanga na ƙasa hwa, mai hula?”

Ku saurara ku ji abin da malamin tarbiyyar 'ya'yan mutane ya ce. Na gyara tabarau, na ƙura wa takardar ido kamar yau na fara ganinta, na ce, “Allah gafarta Malam, wannan ba Turanci ba ne. Ban san ko wane harshe ne ba.”

Wani daga baya ya ce in dai Ticha bai sani ba, to ba harshen mutane ba ne. Kowa ya yarda. A karo na farko a rayuwata girman da ake ba ni ya yi mini ɗaci a baki.

Liman ya juya ga Baba Arzika, ya yi masa magana da taushi. Ya ce babu wanda ya gan shi da ido, ɗauri kawai aka gani. Ya ce ga Alƙur'ani nan, ya dafa ya rantse cewa bai ɗaura ba kuma bai san wanda ya ɗaura ba, magana ta mutu a nan, a mayar da inji fadama.

Na ji sanyi a raina. Na ce shi ke nan, zai rantse, kowa ya tsira, har da ni.

Baba Arzika ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Ba ni rantsuwa, Malam.”

Baba ya runtse ido.

“Arzika,” in ji Liman, “ka san abin da mutane za su ɗauka?”

“Na sani. Ku bar ta bisa kaina.”

Da ya faɗi haka sai ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya tak, ya mayar da kansa ƙasa. Ba harara ba ce. Irin kallon da yake yi mini ne ina yaro idan na kusa zamewa a bakin gulbi. A take na tuna wata rana ina ɗan shekara tara, yana riƙe da yatsuna yana koya mini ɗaure ƙugiya: zagaye bakwai, a komo ta ƙasa. 'Ya'yansa duk mata ne, babu wanda ya koya wa ɗaurin nan sai ni. Ashe tun ranar farko da aka nuna masa ƙullin ya san mai shi. Zai iya rantsewa bai ɗaura ba, amma ba zai iya rantsewa bai san wanda ya ɗaura ba. Kwana huɗu yana kallon albasarsa tana bushewa, yana rufa mini asiri.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Ni na. Ni niɗ ɗaura su. Baba Arzika bai san komi ba.”

Sai bayani, wanda shi ne ya fi komai wuya. Na faro tun daga ludayin Rabah. Na faɗi guruf, na faɗi akuyar da ta cinye takarda, na faɗi zaren kitso. Na ce layin ƙasa Esperanto ne, kuma na san shi sarai, ƙarya na yi ɗazu. Aka tambaye ni mutanen wace ƙasa ke yin sa, na ce babu. Aka ce to da wa zan yi magana da shi, na ce babu kowa tukuna. Dattijon da ya yabi bokan ya ce, “Ashe dai harshen aljannun na.”

Liman ya ce sai an gwada ni. Ya ɗaga wani ƙulli da ba a kwance ba, aka ce na inji ne. Na ce pump a sama, pumpilo a ƙasa. Aka yanke, aka kira wani mai shago da ya yi sakandare ya duba, ya ce haka ne. Ya ɗaga na fadama, na ce onion, cepo. Haka ne. Ya ɗaga na rumbu. Na buɗe baki, kalmar ta gudu. Sati uku ina faɗinta safe da yamma, amma a ranar ko harafin farko ban tuna ba. Na tsaya ina kallon rufin zaure.

“A kwance mishi shi duba,” in ji Liman. “Ai don haka anka ƙulle.”

Zaure ya fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma dariyar ba ita ce ta karya ni ba. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Baba ya tashi a hankali, ya tsallaka tabarma, ya je gaban Baba Arzika ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina a durƙushe gaban wani ba sai a salla. Ya ce, “Arzika, na zalunce ka.” Baba Arzika ya kama kafaɗunsa yana cewa ya tashi, ya tashi don Allah, mutane na kallo. Dariyar ta ɗauke gaba ɗaya, ni kuma ina tsaye a tsakiya da 'yar takarda a hannu mai ɗauke da sunan rumbu.

Da asuba ni na ɗora inji a amalanke na tura har fadama, na tayar, na ba gonar Baba Arzika ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albasar ya riga ya tafi. Tamu kuwa, da malamin gona ya zo ya duba, cewa ya yi wasu ƙananan ƙwari ne da ke ɓuya a cikin ganye, Baba Arzika ya yi feshi da wuri, mu ba mu yi ba.

Ina cikin gyara kwalbati sai ga shi ya zo ya tsaya a kaina. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

“Ni ca nike wurin boka kat tahi,” ya ce. “Nic ce yaron ga ya ɓace, in ubanai ya ji, kore shi za ya yi. Shi ya sa niy yi shiru.” Ya dubi layukan albasar da suka bushe, ya sake dubana. “Da na san jahilci na kawai, da tun ranar na hwaɗi. Jahilci ai ba abin ɓoyo ba na, ɗana. Ni da shi nit tsuhwa.”

Baba bai yi mini faɗa ba, ko kalma ɗaya. Wata guda dai in na gaishe shi da kai yake amsawa. Da bulala ya sa da ta fi mini sauƙi.

Yau a Wurno babu mai ce mini Ticha. Malam Tsefo ake kirana, har a kasuwar Goronyo wani dillalin albasa da ban taɓa gani ba ya kira ni da shi. Ban daina koyo ba. Yanzu da gawayi nake rubutawa, ɓaro-ɓaro a jikin bango da rumbu da ƙyaure, inda duk mai wucewa zai gani ya san Malam Tsefo bai gama sanin sunan kayan gidansu ba. Abin mamaki, har yanzu ana kawo mini takardar asibiti, kuma idan na ce ban san wata kalma ba babu wanda ya taɓa suma.

Abin da na koya shi ne, kunyar cewa ban sani ba ta minti ɗaya ce, ni kuma na ƙi biyanta da bakina sai da wani tsoho ya biya mini da albasarsa. A Esperanto kunya honto ake ce mata. Ita kaɗai ce kalmar da ban taɓa rubutawa a jikin komai ba, don duk magariba tana nan a ƙofar gidanmu, inda dattawa biyu ke cin tuwo a kwano ɗaya, ni kuma ina kai musu ruwan wanke hannu kaina a ƙasa.